Yadda Watanci ya shiga kundin wasanmu

Ni malamin makaranta ne a Matamaye, aji biyar nake koyarwa. Yara, yau zan ba ku labarin wani harshe wanda ba za ku same shi a taswira ba, ba za ku ji shi a rediyo ba, ba a kuma taɓa rarrashin jariri da shi ba. Ƴan ajina ne suka ƙirƙiro shi a shekarar 2023. Ya kusa kashe mana wasa, ya sa wata yarinya kuka. Ni ma ina da nawa laifi a cikin zancen, kuma ba zan ɓoye muku shi ba. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Zan kira yaran da muƙaman da suke riƙe da su a cikin wasan.

Wasan fatake

Kun san dara. Gida 30 ake tonawa a ƙasa, layi biyar mai gida shida-shida. Kowane ɗan wasa yana da ƴaƴa 12, wannan ya riƙe kara, wancan tsakuwa. Wanda ya jera uku ya ci ɗa guda na abokin wasansa. Dokokin dara ba su da yawa, shi ya sa kowa yake riƙe da su a ka. Baƙo ma in ya tsuguna a gindin dogon yaro ya ga ana yi, nan da nan ya san inda aka dosa.

Namu wasan ya fi dara yawan dokoki. A darasin labarin ƙasa aka haife shi. Na lura yara suna haddace sunayen garuruwa yau, gobe su manta. Sai na samo babban kwali, na zana hanyar ayarin gishiri a kai. Ta tashi daga Matamaye, ta bi Kance da Takeita, ta shiga Damagaram, ta wuce Tanut zuwa Agadas. Daga nan ta ratsa yashin Tenere zuwa Fashi da Balma, tafiyar fiye da kilomita 500. Can ne Abzinawa suke kai hatsi, su ɗauko gishiri da dabino su kawo ƙasar Hausa. Ta kudu kuma na ja hanya ta Ɗan Barto zuwa Daura da Kano.

A wasan, kowane yaro falke ne. Raƙumansa ƙwallayen dabino ne, gishirinsa farar tsakuwa, hatsinsa ƙwayar wake. Ana watsa guntayen sakaina huɗu. Yawan waɗanda suka faɗi rigingine shi ne yawan zangon da za ka ci. Akwai Madugu mai jan ayari, da Jagaba mai nuna hanya, da Sarkin Kasuwa mai yanke farashi, da Tafinta. Ba a sa ko dala ɗaya a ciki.

Duk dokokin nan mun rubuta su a wani littafi mai jan bango, muna ce masa kundin wasa. A shafi na 7 akwai harsuna huɗu: Hausa, Tamajak, Barbarci da Fillanci. Kowane an rubuta gaisuwarsa da ƙirgarsa da sunayen kaya. Kowane falke yana da kati mai nuna harsunan da yake ji. In ka sauka a Balma ba ka jin Barbarci, sai ka biya Tafinta kantu ɗaya cikin goma. In kana so ka koyi harshen, sai ka zauna zagaye biyu ba ka motsa ba, ka karanta shafin, a yi maka tambaya. In ka ci, a ƙara maka shi a katinka. Da haka yara suka iya gaisuwa da harsuna huɗu, ban ɗaga murya ba ko sau ɗaya.

Dutsen Wata

Wata rana da hutun safe yara maza biyar suka zo wurina. Madugu ya durƙusa ya ce:

– Malam, muna so mu ƙara gari a tsakiyar Tenere. Garin da babu shi a duniya.

– Mene ne sunansa?

– Dutsen Wata, Malam. Mutum ɗaya Bawate, in suna da yawa Watawa, harshensu Watanci.

Na ji daɗi ƙwarai. Ga darasin nahawu ya zauna: Bature, Turawa, Turanci, Bazabarme, Zabarmawa, Zabarmanci. Na ba su alli suka zana garin. Ƴan aji shida da suka ji labari suka riƙa ce masa Wautanci, amma wannan bai hana komai ba.

Watancin farko zaurance ne kawai. Kun san yadda ake yi. Bayan kowace gaɓa sai a saka "b" da wasalin gaɓar: gida ya koma gibidaba, rake ya koma rabakebe. Wasu kuma juya gaɓoɓin suke yi, rake ya koma kera. Kada ku raina zaurance. Yana nuna cewa yaro ya san inda gaɓar kalma ta fara da inda ta ƙare tun kafin a koya masa a aji. Wata masaniyar harshe ƴar Nijar, Ousseina Alidou, a kan irin wannan wasa na harsunan Nijar shida ta rubuta kundin digirinta na dakta a jami'ar Indiyana ta Amurka a 1997. Sai dai zaurance ba ya riƙe asiri. Kafin la'asar ƴan matan aji sun warware shi. Ɗayarsu ta ce: "Ashe Hausa ce ta yafa mayafi."

Abin ya yi wa samarin zafi. Suka koma suka ƙirƙiro kalmomi sababbi fil, suka rubuta a wata ƴar takarda, Madugu ya ninke ya sa a aljihu. Da na ji suna magana da juna da baƙin harshe, na tsayar da su gaban aji na sa aka tafa musu. Ban ce su nuna mini takardar ba. Ban ce su shigar da ita kundi ba. Ga laifina nan.

Raƙuma uku

A ajin akwai wata yarinya Bafillata. Iyayenta makiyaya ne, sun sauka kusa da gari, ita kuma ta shigo ajinmu bayan kowa. Ba ta da yawan magana, amma ta iya lissafi, kuma a wasan fatake ta tara raƙuma shida.

Ran nan ina gyaran littattafai, su kuma suna wasa a bayan aji. Sakaina ta kai ta Dutsen Wata. Sarkin Kasuwa ya ce kuɗin zango teki uku ne. Ta tuna makon jiya ta ji an ce teki gishiri ne, sai ta ce ta yarda. Sarkin Kasuwa ya miƙa hannu ya kwashe mata raƙuma uku.

– Ai teki gishiri ne! in ji ta.

– Wa ya faɗa miki? Teki raƙumi ne, in ji Tafinta.

Su biyar suka shaidi juna. Ta buɗe kundi, babu Watanci a ciki. Ta ce a nuna mata takarda, Madugu ya ce asirin Watawa ne. Sai ta miƙe ta zo gabana, hawaye yana zuba. Ta ce:

– Malam, ran da na zo nan ba na jin Faransanci, aka yi mini dariya. Hausata ma ana yi mata dariya. Yanzu an ƙirƙiro na uku don a ci gaba.

Aji ya yi tsit. Na ce a tattara kwali, gobe ma yi magana. Washegari da hutu na ga rabin aji sun koma langa da carafke. Wa zai zauna wasan da mutum biyar kaɗai suka san dokarsa?

Abin da na tuna da dare

Daren nan barci ya ƙi zuwa. Ƙanena na tuna. Na girme shi da shekara takwas. Muna yara, in ni da abokaina za mu tafi garkar rake, sai ya maƙale mana. Don mu kuɓuce masa sai ɗayanmu ya ce: "Zobo mubu tabafibi." Zo mu tafi ke nan. Shi kuwa da ya ji "zobo" sai ya ɗauka zoɓo za a sha. Ya ruga wurin Inna ya ɗauko moɗa. Kafin ya fito mun sha kwana. Da muka dawo muka tarar da shi a ƙofar gida, moɗa a hannu. Mun yi masa haka ya fi a ƙirga, muna dariya. Sai a daren nan na ga fuskarsa sosai, bayan kusan shekara ashirin.

Na so in hana Watanci gaba ɗaya. Amma na tashi na kunna fitila, na jawo tsoffin takarduna na makarantar horon malamai, inda aka taɓa ba mu labarin mutane biyu.

Na farko Ibrahim Njoya ne, sarkin Bamum, a Fumban ta ƙasar Kamaru. Wajen 1896 ya ƙirƙiro rubutu don harshen mutanensa. Da fari alamomin sun kai kimanin 500. Ya yi ta ragewa, har wajen 1910 suka dawo kimanin 80, don su yi sauƙin koyo. Ya buɗe makarantu ana koyar da rubutun. Wajen 1912 kuma ya ƙirƙiro sabon harshe don fada, ana ce masa Shumom. Ya tsinto kalmomi daga harsunan Turawa ya ba su sabuwar ma'ana.

Na biyu Zamenhof ne, likitan ido a birnin Warso na ƙasar Polan. Ya tashi a garin da ƙabilu da yawa suke zaune tare ba sa jin maganar juna, kullum rigima. A 1887 ya buga ɗan littafi na sabon harshe, wanda aka sani da Esperanto. Dokokin nahawunsa 16 ne. A cikin littafin ya bayyana cewa ya saki harshen, ba nasa ba ne shi kaɗai, na duk mai so ne. Har yau akwai masu magana da shi a ƙasashe da yawa.

Na ga ashe ƙirƙirar harshe aikin manya ne, kuma yarana sun kama hanya. Sarki yana da fadarsa, yana iya keɓe harshe ga fadawansa. Mu kuwa kwali ɗaya gare mu, aji guda yake zagaye shi. Tamu hanyar ita ce ta likitan ido.

Shafi na 8

Da safe na sa aka shimfiɗa kwali. Na fara da kaina. Na ce wa aji: "Ni na yarda da Watanci ban tambayi inda aka rubuta shi ba. Na yi kuskure." Sannan na ce wa Madugu ya fito da takarda. Ya yi jim, ya fito da ita. Kalmomi 23 ne a ciki. Gaban teki an rubuta gishiri, an soke, an rubuta raƙumi da wani bik daban.

Na tambaye shi:

– In kana dara, abokinka ya ce yau jeri huɗu yana ci, gobe ya ce ba ya ci, za ka sake zama da shi?

– A'a, Malam.

– To, me ya sa?

– Don dokar tana bakinsa, Malam.

Shi da kansa ya yanke hukuncin. Daga ranar muka kafa doka: abin da babu shi a kundi, babu shi a wasa. Muka buɗe shafi na 8, muka ja layi shida. Duk harshen da zai shiga wasanmu, na gaske ko na ƙirƙira, sai ya cika su:

1. Sunan harshe.
2. Masu magana da shi, da inda suke.
3. Haruffan da ake rubuta shi da su.
4. Dokokinsa.
5. Kalmominsa da ma'anarsu.
6. Waɗanda suka shigar da shi, da ranar shigarwa.

Layi na huɗu ne ya ba mu aiki. Samarin suna da kalmomi amma ba su da doka ko ɗaya. Na ce musu kalmomi tubali ne, in babu laka ba a yin ɗaki. Muka kwana uku muna shawara, aji duka. Ga abin da muka tsayar. Kowace gaɓa baƙi ɗaya ce da wasali ɗaya. In ana son jam'i sai a maimaita gaɓar farko: ƙomu raƙumi, ƙoƙomu raƙuma. In ana son korewa sai a sa "ze" a ƙarshe: teki gishiri, teki ze babu gishiri. Teki ya koma gishirinsa na asali. Nulo ruwa ne, ɗimo hatsi, yoko zango, komu bashi.

Jagaba ne ya kawo gaisuwa. Ya ce a Tenere ba a tambayar gajiya kafin a tambayi ruwa. Don haka baƙo yana cewa: "Nulo?" Mai gida ya amsa: "Nunulo," wato ruwa da yawa. Aji ya yarda cewa babban zagi a ƙasar Watawa shi ne a ce wa baƙo "Nulo ze."

Da muka zo ƙirga aka rasa ta yi. Wasu suna so a ƙirƙiro kalma goma. Sai yarinyar nan ta ɗaga hannu, karo na farko tun ranar kuka. Ta ce:

– Malam, a Fillanci biyar ake riƙewa. Go'o, ɗiɗi, tati, nayi, jowi. Bakwai kuma jeeɗiɗi ne, biyar da biyu. In Watawa suka yi haka, kalma biyar ta ishe su.

Muka gwada a allo: ta, ti, tu, te, lo. Shida lota, bakwai loti, takwas lotu, tara lote. Madugu ya yi tsalle ya ce goma kuwa lolo ce, tun da jam'i maimaitawa ne. Yaran da suka yi wa Hausarta dariya suka zauna suna ƙirga yatsu yadda ta nuna musu.

Aji ya zaɓe ta Magatakarda, mai ajiye kundi. Duk mai sabuwar kalma ya kawo ta ranar Juma'a. In aji ya yarda, ita ke rubutawa, da bik, don kada a goge. Sarkin Kasuwa ya maido mata ƙwallayen dabinonta, Madugu ya ce ta yi haƙuri. Ba ta ce komai ba. Ta jera su a tafin hannu ta ƙirga: "Ta, ti, tu."

Kundi ya shiga kwamfuta

Da daminar 2024 rufin ajinmu ya yi yoyo, ruwa ya jiƙa gefen kundin. Wani malami abokina kuma ya roƙi in kwafa masa wasan don ajinsa. Ana cikin haka ƙanena ya zo hutu daga Damagaram, inda yake karatu a jami'a, da ƴar kwamfutarsa. Shi ne dai mai moɗa. Ya duba kundin shafi-shafi, ya yi dariya ya ce:

– Yaya, ka san abin da kuka yi yana da ƴan'uwa a duniya?

Ya ba ni labarin wani wasan tebur mai suna Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Mutum ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya zama wani jarumi a cikin labarin. Suna jefa ɗan ƙwallo mai fuska 20 don a san ko abin da suka nufa ya yiwu. A littafin dokokinsa na 2014 akwai jadawalin harsuna mai gida uku: sunan harshe, masu magana da shi, da rubutunsa. Layukanmu uku na farko ke nan, ba mu taɓa ganin littafin ba.

Ya ce masu irin wannan wasa sun sha ruwan littattafan Tolkien, wani malamin jami'ar Okasfod ta Ingila, wanda ya rasu a 1973. Shi harsuna ya fara ƙirƙirowa, irin su Kwenya da Sindarin, daga baya ya tsara labarin mutanen da za su yi magana da su. Ya ce ƴan wasa da yawa ba sa tsayawa ga abin da ke littafi. Suna ƙara nasu garuruwa da dodanni da harsuna. Muka sa wa wannan suna haɗin gida. Masu ajiye wasansu a kwamfuta suna rubuta haɗin gidansu a fayil, wato kundin kwamfuta, don ta jera musu shi tare da na asali.

Ya ce dokar farko, kada ka yi rubutu a cikin kundin asali. Ka buɗe naka daban, ka sa masa sunan masu shi. In an sabunta na asali, naka ba zai ɓace ba, kuma kowa zai san daga ina abu ya fito. Shi ne layinmu na shida. Ya buɗe fayil ɗaya na dokokin wasan fatake, ɗaya na ƙarin da yara suka yi. A na biyun ya rubuta:

{ "suna": "Watanci", "masu magana": "Watawa", "haruffa": "boko", "asali": "aji biyar" }

Ku duba da kyau. Wannan tsari ana ce masa JSON. Kowace kalma tana tsakanin alamar zance. Bayan sunan layi akwai ruwa biyu. Tsakanin layi da layi akwai waƙafi. Bakan da aka buɗe a farko an rufe shi a ƙarshe.

Sau uku kwamfuta ta ƙi mu. Da farko ta ƙi buɗe fayil ɗin sam. Muka duba har idona ya yi ja. Ashe waƙafi ɗaya muka manta tsakanin Watawa da haruffa. Na biyu, ta ce Jagaba ba ya jin harshen Dutsen Wata. Ashe a katinsa an rubuta "Watanchi", a jerin harsuna kuwa "Watanci". Mu mun san abu ɗaya ne, ita ta ga harsuna biyu. Na uku ya fi ban tsoro. Da muka aika wa abokina, duk inda akwai ɓ, ɗ, ƙ da ƴ sai alamar tambaya ta fito. Ya gyara da hannunsa, ya sa "k" a wurin "ƙ". Ƙomu ya koma komu. Raƙuman Watawa duka suka zama bashi!

Kun ga amfanin ƙugiyar nan da nake matsa muku a kanta. Baki daban, baƙi daban. Fada daban, faɗa daban. Ƙanena ya ce tun 1991 akwai wani babban jeri mai suna Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa, har da namu masu ƙugiya. Sai dai a ajiye fayil da tsarin da ake kira UTF-8, wanda ya san lambobin. Ya sake ajiyewa haka, haruffanmu suka dawo. Ya kuma ce mu tsaya a kan rubutu ɗaya: mu a Nijar ƴ muke rubutawa, ƴan'uwanmu na Daura da Kano suna rubuta 'y. Duka daidai ne, amma fayil ɗaya ba ya ɗaukar biyu.

Na ce masa wannan na'ura ta cika tsanani. Ya ce:

– Yaya, ba ta da zato ne. Abin da aka rubuta shi take bi, ko kai ne ko baƙo. Da ita ce Tafinta ran nan, da ba a ci raƙuman yarinyar ba.

Na yi shiru. Sannan na ba shi labarin daren da na tuna shi da moɗarsa, na ce ya yafe mini. Ya yi murmushi ya ce:

– Ai tun kafin kaka na gane zaurancenku. Na ci gaba da ɗauko moɗa ne don in ga ko wata rana za ka jira ni. Kuma wa kake tsammani yake faɗa wa Inna garkar da kuka shiga?

Ran da zai koma na raka shi tasha. Mota ta tashi, ya leƙo ta taga ya ce: "Saibai wabataba rabanaba!"

Da aka koma makaranta a watan Oktoba, ƴan ajin nan suka wuce aji shida, suka bar wa ƙannensu kwalin. Kundin yana nan, ga kuma kwafinsa a kwamfuta. A mako na biyu aka kawo mini sabon yaro daga wajen Gure, Barbarci ya fi ji. Da hutu ya tsaya nesa yana kallon masu wasa. Sai ga tsohuwar Magatakarda ta shigo karɓar alli. Ta gan shi, ta ɗauko kundi ta buɗe shafi na 7, ta nuna masa Barbarci ta ce ya duba ko mun rubuta daidai. Ya gyara mana kalma biyu. Sannan ta juya shafi na 8, ta ce masa:

– In ka isa Dutsen Wata, ka ce "Nulo?" Za a amsa maka.

Tambayoyi da aiki

1. Gida nawa ne a dara, kuma ƴaƴa nawa kowane ɗan wasa yake da su?
2. Mene ne laifin malam? Mene ne laifin Madugu?
3. Ka juya waɗannan zuwa Watanci: zanguna, babu hatsi, raƙuma bakwai.
4. Ka kawo kalmomi biyu na Hausa waɗanda ƙugiya kaɗai ta raba su, ban da na cikin karatu.
5. Ku haɗu hurhuɗu, ku ƙirƙiro gari da harshensa. Ku cika layukan nan shida, sannan ku ba wata ƙungiya ta karanta. In sun iya gaishe ku da shi, aikinku ya yi.